Na Kori Tafintan Inna

Daren jiya na yi wani mafarki, 'yan uwa, har yanzu jikina bai sake ni ba. Bari in fara gaya muku abin da ke ƙasa, kada ku ce Dije ta fara zautuwa.

Kwamfutar da nake haɗa bidiyon biki da ita, babbar manhajar da ke tafiyar da ita ba tata ba ce. Ta kwamfutocin nan masu tsada ce, Danladi mai gyara ya cusa mata ita ta bayan fage. Tana aiki, amma da jan ƙafa, kuma da zarar na ce zan kwafe wani abu mai nauyi sai ta sandare. A cikinta akwai bidiyon Inna, mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, tana gyaran daddawa tana yi mana faɗa. Wayar da na ɗauka da ita an sace, don haka babu shi a ko'ina sai nan. Danladi ya ce matsalar daga saitin ma'ajiyar kwamfutar ne, inda bidiyon yake. An bar ta a tsohon tsari, manhajar ba ta magana da ita sai ta bakin tafinta. In an juya saitin za su yi magana kai tsaye, in kwafe abina. Amma sai an fara koya wa manhajar sabon tsarin. Wanda ya juya kafin nan, manhajar ba za ta ga ma'ajiyar ba sam.

To, a mafarkin na gan ni a wani dogon zaure, bangonsa shuɗi, an yi masa rubutu da fari, irin allon nan da Danladi ke shiga kafin kwamfuta ta tashi. A ƙarshen zauren akwai ɗaki mai taga, Inna na ciki a kan tabarma da faifanta. Bakin ƙofar wani baƙo ne sanye da kwat, fes da shi, makulli a hannunsa. Ban taɓa ganinsa ba, amma na san ta katanga aka shigo da shi gidan, kuma na san shi kaɗai ke iya buɗe mata.

Tsakaninsa da Inna wani tsoho ne a zaune yana cin goro. Inna za ta yi magana, tsohon ya tauna, ya tauna, ya tofar, sannan ya faɗa wa baƙon kalma ɗaya. Ina ganin bakinta na motsi, amma ba abin da ke iso ni sai abin da tsohon ya ga dama. Raina ya ɓaci. Kun san ni, ba ni da haƙurin jira.

Sai kawai na ga Danladi a gefe yana fifita da kwali, kusa da wani makunni a bango. Na tambaye shi ko ya gama koya wa baƙon sabon tsarin. Ya ci gaba da fifita. Na sake tambaya, ya juya mini ƙeya. Na kai hannu na danna makunnin.

Tsohon ya ɓace, sai ragowar goronsa a ƙasa. Muryar Inna ta fito tar, da saurinta, da kaifinta, yadda na san ta. Tana kiran sunana. Wallahi na yi murna, har na fara dariya. Na ce wa baƙon ya buɗe. Ya leƙa ta tagar, ya dube ta ido cikin ido, ya juyo.

"Babu kowa a ɗakin nan," in ji shi.

Na nuna masa ita, na rantse, na kama rigarsa. Ya cire hannuna da yatsu biyu, ya sake maimaita maganar ba tare da ko ɗaga murya ba. Na koma na danna makunnin don tsohon ya dawo, sai ya karye a hannuna.

Sai kawai zauren ya zama tsakar gidanmu, rana tsaka, dangi sun cika kamar ranar sadakar bakwai. Yaya Rabi, babbar yayarmu, wadda tun rasuwar take bi na in tura mata bidiyon, tana raba wa mutane waina tana ba su labarina. Wai ni ce mai ilimin zamani, na ɗauki uwarmu na ba baƙo ajiya, baƙon da ko gaisuwar gidan bai iya ba. Mutane na dariya da waina a baki. Ta miƙo mini ɗaya, ta ce in ci, ai na yi aiki.

Danladi ya taso da bokiti da tsumma. Ya ce ba wani abu ba ne, sai dai a goge a sake, dama tun farko ya gaya mini abin da aka sa ta bayan fage ba shi da garanti. Ya shiga ɗakin ta bango, ba ta ƙofa ba. Ya fara da tabarmar, ya goge faifan, ya kama ƙafafun Inna yana gogewa kamar allon makaranta. Ina ihu, murya ba ta fita. Babu wanda ya ajiye wainarsa.

Inna ta daina kirana. Ta dubi Danladi yana goge kafaɗarta.

"Sannu da aiki, ɗan nan," ta ce.

Ni kuwa ko kallo ban samu ba, har tsumman ya kai fuskarta.

Na farka da kiran assalatu, matashin kaina ya jiƙe sharkaf. Na jawo kwamfutar na kunna, ta ɗauki lokacinta ta tashi. Inna na nan, tana motsi tana tsayawa, maganar na fitowa a gutsure. Yau ce ranar da Danladi ya ce in kai masa kwamfutar. Ya kira ni ɗazu yana dariya, wai Anti kada ki damu, zai koya wa manhajar tukuna kafin ya juya saitin. Na tambaye shi in abin ya ƙi fa. Ya ce Allah ya kiyaye.

Ga ta nan a jaka, na saka mayafi na cire. Masu sanin fassara, ku taimake ni. Gargaɗi aka yi mini kada in kai ta, ko Inna ce ta gaji da jira a bayan tagar nan?