Ɗaurin da Baba Ya Ƙi Ɓoyewa

Jiya na wuce tsohon sitonsa a Catford, na tarar tayoyi ake sayarwa a ciki. A da, nan mujallun Najeriya ke zuwa daga filin jirgi, dattijon da muke kira Baba ya rarraba wa shagunan London. Kullum yatsunsa baƙi ƙirin da tawada, da haƙori yake tsinke igiya.

Ina yi masa aikin ɗauri lokacin da sojoji suka kama yayana a gida Najeriya. Mujalla ɗaya ce ta buga hotonsa, aka hana sayar da ita a can. Wani ya bugo waya sito, ya ambaci sunana da unguwarmu, ya ajiye. Har yau in waya ta yi ƙara, gabana faɗuwa yake.

Da ɗaurin mujallar ya iso na ce, "Baba, mu ɓoye shi."

Ya ce, "'Yata, wanda aka manta da shi ake kashewa. Miƙo igiya."

Har shagunan da ba su nema ba ya kai wa. Wani mai shago ya yi gardama, Baba ya ce, "Sa a taga. In ta kwana, ni zan cinye ta da miya."

Kafin la'asar babu ko ɗaya. 'Yan jarida suka ɗauki maganar, suka yi ta kwarmato har aka sako yayana da ransa.

Daga baya manyan kamfanoni suka ƙwace shagunan, sito ya rufe, bara Baba ya rasu. Yayana bai taɓa ganinsa ba, amma sunansa ya sa wa ɗansa na fari.

Allah Ya haskaka makwancinsa, Ya tsaya masa yadda ya tsaya mana.