Anti Mai Allo da Wasiƙar da Aka Hana Ta

Ƙarfe bakwai na safe ta riga ta goge kujerun asibitin ido, ta kunna fitilar allon haruffa. Sai layi ya fara. "Baba, rufe na hagu. Me ka gani?" Shekara bakwai ke nan. Marasa lafiya suna ce mata Anti Mai Allo, ba su san likita ce ba. A ƙasar waje ta yi karatu, kuma wannan ne kaɗai laifinta.

Burinta ɗaya, a ɗauke ta horon ƙwarewa ta zama likitar ido. Ta ci jarrabawar da ake yi wa masu karatun waje. Saura wasiƙa daga wani babban likita na ƙasar nan da ya shaida yadda take duba marasa lafiya. Amma doka ta hana ta duba kowa sai an ɗauke ta horon! Don Allah wa ya tsara wannan? Ga shi bana takardar jarrabawarta za ta daina aiki.

A watan jiya wani tsohon tela ya zo yana cewa kamar an sakar masa labule ta gefen ido. Wani sabon likita da ke horo ya rubuta masa maganin ɗigawa, ya sallame shi. Ta tare likitan a bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa.

"Likita, don girman Allah ka sake dubawa. Bayan idon ne ke ɓallewa."

"Ke ma yanzu likita ce?"

"Ka dai duba."

Ya duba, ya ga gaskiyarta. A ranar aka shiga tiyata da telan. Da aka yi taron mako, sabon likitan aka tafa wa, ya kuwa karɓi tafin ko kunya babu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ta ɗauki takardunta ta je wurin shugaban sashen. Bai ko ce ta zauna ba.

"Baiwar Allah, ni ban taɓa ganin aikinki ba. Me zan rubuta?"

Haba, ranka ya daɗe! Shekara bakwai kana wuce ta safe da yamma. Waɗanda ka sa wa hannu, rabinsu ita ta koya musu riƙon fitila. Ni dai abin ya ƙona mini rai.

Ke ce mai gani inda masu farin kwat suka kau da kai. Ke ce aka hana kujera, ba ki huce a kan marasa lafiya ba. Mun gode, Allah ya saka miki. Masu tasowa, ku koyi faɗin gaskiya ko ba ku za a tafa wa ba. Masu sa hannu kuma, ku ji tsoron Allah, ranar Juma'a ake rufe karɓar takardu.

Jiya telan ya dawo, an gaya masa komai. Ya wuce masu gadi har ofishin shugaba, ya ajiye takarda da ya rubuta da hannunsa.

"Baba, kwamitin ɗaukar horo ba ya karɓar wasiƙar mara lafiya."

"To ɗana, ka ce ba ka ga aikinta ba, shi ne na kawo maka." Ya ɗora yatsa a ƙasan idonsa. "Ga shi nan, da shi nake kallonka."