Abin Da Na Share A Bayan Gaurakar Almustafa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai abu ya karɓi abinsa. Ranar Talata, 16 ga Satumba 2025, da la'asar sakaliya, waya ta shigo Tawa daga Tebaram cewa an tsinci gawar taubashina, Malam Almustafa Hasan, a bakin wani tafki da ke arewa da garin. Harbinsa aka yi. Aghali, makiyayin da yake sauka wurinsa duk lokacin da ya je can, shi ya same shi kwance cikin ƴar bukkar ciyawa inda yake ɓuya don ɗaukar hoton tsuntsaye. Gorar ruwansa na nan, takalmansa na nan, kyamarar ce kaɗai babu. Shekarunsa sittin da uku. Mun sallace shi washegari da hantsi.

Ni ne Yunusu mai hoto, ni nake gyara masa duk abin da ya ɗauko. Almustafa, yau kwananka tara a ƙasa, kuma akwai maganar da na riƙe a cikina, ban faɗa wa matarka Kaltumi ba, ban faɗa wa ƴaƴanka ba. Na zauna a tabarmar makoki ana yi mini gaisuwa kamar kowa, ina amsawa. A wannan takarda zan faɗe ta, amma bari in fara da kai tukuna, don kai ka fi cancanta a yi maganarka.

Tun da ka bar aikin gandun daji, tsuntsaye suka zama ofishinka. Mutanen ƙasarmu ta Adar sun sha dariyarka, ni ne kuma kan gaba, don hakkin taubashi ne. Wane dattijo ne zai ari burtu wurin maharba, ya ɗaura kan tsuntsun itace a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya yi ta rarrafe cikin ƙaya don kawai tuje ya yarda da shi? Ranar da matan Kalfu masu itace suka ci karo da kai a haka, suka watsar da kaya suna salati, sai da ka yi yini guda kana ba da haƙuri gida gida. Ka dawo gwiwoyinka duk jini, kana ta washe baki, wai tujen ya kalle ka ido cikin ido. Na ce maka, to, ya gane ɗan'uwansa ne.

Amma mutanen Barmu ba su yi dariya ba a shekarar da za a sare babban gawon da shamuwa ke sheƙa a kansa. Ba ka yi musu wa'azi ba. Hoton uwar shamuwa tana ciyar da ƴaƴanta ka kai wa mai gonar, ka aje masa a cinya. Gawon yana nan har yau. Tsofaffin ƙauyuka kuwa, Allah kaɗai ya san nawa ka ɗauki hotonsu na katin ɗan ƙasa ba ka karɓi komai ba, ka kawo mini, ni kuma ina gunaguni ina wankewa.

Ni kaina kai ka tsamo ni. Lokacin da wayoyin hannu suka kashe mana sana'ar wanke fim, na yi zuciya na ce na bar hoto har abada. Ka ɗauko ordinatarka, wato kwamfutarka, ka dire a shagona, ka zaunar da ni kamar ɗan makaranta, gemuna da furfura, har na iya share bayan hoto. Tsuntsun Adar ba ya zama wuri mai tsabta don ya faranta wa mai hoto rai. Ka ɗauko zalɓe tsaye da kyau, sai ga baƙar leda maƙale a ƙaya daidai kansa. Ka ɗauko cilakowa, sai ga wayar lantarki ta raba hoton biyu. Aikina shi ne in buɗe hoton ya yi girma, in bi kowace kusurwa a hankali, in ɗebo launin ciyawa ko na sama daga gefe in shafe abin da ke ɗauke ido, har tsuntsun ya tsaya shi kaɗai.

Da farko ba ka so ba. Ka ce ledar ma ai tana wurin, Allah ya san da ita. Daga baya ka yarda, da sharaɗi guda: in share, amma in faɗa maka abin da na share. Shekara goma sha ɗaya muna haka. In miƙo maka hoto, ka ce, "Mi kas share?" in lissafo maka. Kai idonka ba ya barin tsuntsu, ko a daji ko a takarda. Bayan hoto ni ka bar wa, kuma ba ka taɓa neman ganin na asali ba, don ka amince da ni.

A farkon Satumba ka dawo daga tafkin nan na arewacin Tebaram kana rawar jiki. Gauraka biyu ka samu da sheƙarsu a tsakiyar ruwa, abin da ka yi shekaru kana nema. Ka bar mini hotunan ka tafi gida ka yi wanka. Na buɗe wanda ya fi kyau, namijin ya buɗe fukafukai, tukkunsa yana ɗaukar rana. Can bayansa, ta hannun hagu, a ƙetaren ruwa, akwai wani duhu a gindin itatuwa. Na ƙara masa girma don in san da wane launi zan rufe shi.

Moto uku ne, babura, an lulluɓe su da rassa. Mutum uku a zaune, fuskokinsu a naɗe. Abin da ke jingine a jikin itacen ba sandar kiwo ba ce. Biyu sun ba da baya. Na ukun ya juyo, yana kallon wurin da kake.

Na tashi na saya ƙofar shago. Kowa a ƙasar nan ya san yadda zamani ya koma: wanda ya ga irin wannan, in ya kai wa hukuma sai ya yi kwanaki yana amsa tambaya, kuma ba ka san kunnen da labarin zai faɗa ba. Na tuna iyalina. Na ce wa kaina masu wucewa ne, yanzu haka sun yi nisa. Sai hannu ya yi abin da ya saba. Na ɗebo ganye daga dama na shafa a hagu, kaɗan kaɗan, har wurin ya zama kurmi zalla. Ban taɓa yin aiki mai tsabta kamar wannan ba, kaicona.

Da ka zo karɓa, ka riƙe hoton da hannu biyu, ka ƙura masa ido. Sannan ka ce, "Kai, taubashi, wanga ya yi! Mi kas share?"

Na ce, "Leda ta, da wani jaki."

Ka yi dariya ka ce, "Jakin Aghali na. Bari ɗiyan su ƙyanƙyashe, in koma in ɗauko maka su."

Na ji wannan magana da kunnena. Ina da kwana goma sha biyu cur da zan iya taka ƙafa in zo gidanka, tafiyar da ba ta kai shan shayi ba. Sau biyu na kama hanya, sau biyu na juya, don in na faɗa maka gaskiya sai na faɗa maka na yi maka ƙarya. Na ce ƙila ruwan sama ya tare hanyar. Ranar da ka shiga motar kasuwar Tebaram ka biyo ta shagona ka ɗaga mini hannu, ni ma na ɗaga maka.

Na sani, kwana ne ya ƙare, kuma ba mai ƙara wa wani numfashi guda. Malamai sun faɗa, na yarda. Amma ƙaddara ba ta wanke mai ƙarya, kada wani ya zo ya lallashe ni da ita. A maƙabarta liman ya ce duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa, na ji bakina ya ce na yafe tare da jama'a. Me ka yi mini da zan yafe? Ni ke neman yafiya, kai kuma ka tafi.

Jiya na kai hoton na asali wurin jandarma, na faɗi abin da na sani. Na aika wa Aghali ya kwashe dabbobinsa daga tafkin, ya gaya wa na kusa da shi. Abin da ya kamata in yi tun farkon wata ke nan. Ban san abin da zai biyo baya ba, kuma har yanzu ina jin tsoro.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Almustafa, ka karɓi shahadarsa, ka yalwata masa kabarinsa, ka saka masa da inuwar Aljanna kamar yadda ya bar wa halittunka inuwa. Ka kawo wa Adar da ƙasa baki ɗaya zaman lafiya. Ina miƙa ta'aziyyata ga ƴaƴansa, Mansur da Rahama, da ƴan'uwa na Tawa da Barmu, da Aghali wanda ya rufe masa ido. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa.

Ke kuma Kaltumi, ranar addu'ar uku kin aiko a ce in wanke miki hotonsa na ƙarshe babba, ki rataye a ɗaki. Zan kawo miki da hannuna, amma na asali, wanda ban share komai a cikinsa ba. Ki duba bayan tsuntsun, ta hagu. Abin da na gani ke nan na ɓoye wa mijinki. In kin yafe mini, Allah ya saka miki. In ba ki iya ba, ba zan ga laifinki ba, ni ma ban iya ba.