Bindigar Finland da Cokalin Kakana

Duk sa'ad da na ji magagari yana cin ƙarfe, sai hankalina ya koma gidanmu na unguwar Malaz a Riyadh, cikin shekarun tamanin, inda mahaifina ke aikin injiniyan ruwa.

A zafin bazarar wata shekara aka kawo kakana daga gida neman magani. Maƙeri ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana ƙera wa maharba bindiga, sai shanyewar ɓarin jiki ta murɗe masa hannun dama. Ni aka ɗora wa ba shi abinci. In na kai cokali bakinsa sai ya kau da kai, ya zuba wa na'urar sanyaya ɗaki ido. Ya rame har hularsa tana faɗo masa kan gira.

Abokin aikin mahaifina, wani dogon Bature ɗan Finland, ya zo duba shi wata Juma'a bayan la'asar. Da ya ji sana'ar Kaka, sai ya zaro hoto daga jakarsa: ga shi nan yana saurayi, cikin dusar ƙanƙara, rungume da bindigar sojan ƙasarsu. Mahaifina ne ke tafinta. Baturen ya ce samfurin na Rasha ne, maƙwabciyar da suka taɓa gwabzawa da ita, amma su suka sake ƙera shi daidai da sanyinsu. Suka yi mata gindin bututun ƙarfe, suka ja abin saiti baya kusa da ido, suka tsaga bakin gida uku har yana iya katse waya mai ƙaya.

Kaka ya matso da hoton dab da hancinsa. "Tambaye shi, mai safar hannu yaya yake jan kunama?"

Baturen ya yi dariya. Ya ce da fari cire zoben da ke kare kunamar aka yi gaba ɗaya, sojoji suka ga haɗari, aka mayar da shi. Har a lokacin ma, in ji shi, ana ta gwada yi mata gindi mai naɗewa.

Washegari Kaka ya kira ni. "Amarya, ce wa ubanki ya sayo magagari da awartaki."

A baranda muka zauna, iska mai zafi tana dukan fuskokinmu. Ya danne cokali da ƙafa, yana lanƙwasa shi da hagu, gumi na ɗiga daga gemunsa. Na farko ya karye. Na gaba ya juye masa miya a riga. Mahaifiyata ta fara ɓoye cokulanta, mahaifina ya ce, "Baba, ka huta mana." Ko kallonsa bai yi ba. Ya ci gaba har ya samu wanda mariƙinsa ya zagaye yatsunsa na dama. Ranar ya ci kabsa, shinkafar nan tasu mai nama, rabi a baki rabi a tabarma. Na miƙa hannu zan taimaka, ya harare ni.

Kaka ya rasu a gida, a maƙerarsa. Kwanan baya jikana ya nuna mini bindigar a waya: an ɗora mata madubin hange, an canza gindin, amma jikin na da ne. Mu kuwa yanzu, abu na ɗan cijewa sai mu jefar. Bana likita ya ce yatsuna sun fara sandarewa. Daga asibiti kasuwar 'yan ƙarfe na wuce neman magagari.