Ragon da ya hana ni cin tsere

"Ina ragon?" Da wannan tambayar Alhaji Ɗanjuma ya tare ni jiya wajen ɗaurin aure a Gumel. Muka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Tun shekarun saba'in muke wannan rigimar, lokacin muna jan akori-kura. Bakanike ya yi wa injina garambawul, na cika tasha da baki. Ɗanjuma ya ce sai dai hanya ta faɗa: Gumel zuwa Maigatari, lodi iri ɗaya.

'Yan tasha suka ce da sauran magana, Ɗanjuma ƙato ne, ni kuwa kamar sillen kara. Aka ɗaure mini ragon wani mahauci a baya don nauyi ya daidaita.

Na taka mota, na riga shi isa. Ina cikin washe baki sai ga shi ya shigo, rago a kujerar gaba. Ashe ragon tsinka igiya ya yi ya dire a hanya.

Ya kira sunana ya ce, "Isa, na ɗauko nauyina na ɗauko naka. Wa ya ci?"

Jama'a, ku raba mu. Amma ku tuna wanda ya fara shiga gari.