Saƙon da Bai Kai Kofi na Uku Ba

Lokacin da mahaifina ya rasu a Damagaram, takardun zamana suna hannun hukuma ana sabuntawa. In na fita daga Faransa ba dawowa, don haka a ɗakina na Villeurbanne, gefen Lyon, na karɓi gaisuwa.

Wanda ya yi jinyarsa a asibiti ɗan gwaggona ne, mai karatun harsuna a Paris, da ya je hutu gida. Ya kira ni ya ce Baba ya bar mini saƙo, amma ba maganar waya ba ce. Na jira shi har ya dawo, ya ga dama, ya hau jirgin ƙasa ya zo Lyon wata Asabar da rana.

Na ɗora shayi. A wurinmu ba a buɗe magana mai nauyi a kofin farko. Na farko na gaisuwa ne, na biyu na hira, sai a na uku ake faɗin abin da ya kawo mutum. Shi ma a gidanmu ya girma, ya san haka sarai.

Ina tayar da kumfa ya ɗaga kofi yana kallo.

"Ka san daga ina kalmag ga ta shayi ta hito? Daga Sin! Can cha suke cewa. Ta biyo ayari, Farisa da Indiya da Rasha suka ce chai, Turkawa çay, Larabawa shay, mu muka ce shayi."

Na ce to.

"Amma waɗanda ta iske ta teku, wani bakin Sin suka ɗauka, te. Shi ne thé na Faransa, Tee na Jamus. Kuma a Faransanci namiji ne, le thé."

Ubana kwance cikin ƙasa, wannan kuwa yana gaya mini ganye namiji ne. Wallahi na ji kamar in watsa masa butar a fuska. Na daure don saƙon da ke bakinsa. Ya sha na biyu yana mamakin yadda mutanen Fotugal, ga su a bakin teku, suka tsaya kan chá. Har hannu yake bugawa a gwiwa.

Na zuba ruwan na uku ke nan ya duba agogo ya miƙe. Jirginsa zai tashi, wai gobe yana da taro a unguwar Belleville ta Paris. Na tare ƙofa.

"Saƙon Baba fa?"

Ya sosa ƙeya.

"Ah, Kawu! Ya yi magana kanka sosai. Ya ce in gaya maka... ka san muryarshi ta yi ƙasa lokacin. Bari, zai dawo min."

Bai dawo masa ba. Har yau yana turo mini gaisuwar Juma'a a waya, ban taɓa amsawa ba. Shayi na ukun nan ni kaɗai na shanye shi a tsaye, har da nasa kofin.