Tamfol ɗin da Aka Nuna wa Aina'u

An cuci Aina'u mai daddawa a tashar mota, da rana tsaka, idonta biyu. An nuna mata tamfol, an rantse mata da shi za a rufe kayanta har Legas, motar kuma ta tashi ta bar tamfol ɗin a tasha.

Duk wanda ya san Aina'u sai ya riƙe baki, don a ƙauyensu da ke gefen Minjibir ba a yi mace mai rashin yarda kamarta ba. In za ta sayi kalwa sai ta zura hannu har gindin buhu. Kanwa sai ta lasa, man gyaɗa sai ta shinshina, mai awo kuwa ba ta ɗauke ido daga ɗan yatsansa. Da wannan hali da tukunyar daddawa ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta, har ta aurar da 'ya'yanta ba ta roƙi kowa ba.

Autarta Muhsina aka kai Legas, inda mijinta Uwaisu yake sayar da albasa. Da ciki ya samu, magana ɗaya ce: haihuwar fari, gida za ta zo wanka. Tun kaka Aina'u take shiri. Ta ware geron da ya fi kyau a rumbu, ta surfa, ta wanke, ta shanya, aka niƙo mata garin kunun kanwa. Yajin jego da hannunta ta daka, citta da kanumfari da masoro da kimba, ba ta bari kowa ya taɓa taɓaryar ba. Ga kuka, ga busasshiyar kuɓewa, ga daddawar da ba ta sayarwa ba, ta 'yarta.

Sai haihuwa ta yi gaggawa. Uwaisu ya bugo waya ya ce Muhsina ta sauka lafiya, an samu mace, amma babu halin doguwar tafiya da ɗanyen jiki. Aina'u, wadda iyakarta birnin Kano, ta ce to wanka zai bi mai jego.

Maƙwabciyarta Maijidda ta taɓa zama a unguwar Agege ta Legas, ita ta shigo da shawara.

"Yaya Aina'u, ki nemi lema da takalmin roba da gidan sauro. Katin ɗan ƙasa ya zama a jikinki. Duk abin da yake gari kuma ki sa shi a leda, ki ƙulle, ki ƙara wata ledar."

Aina'u ta ɗaga kai ta dubi sama. Tsakiyar bazara ce, rana kamar ta fasa kai, an share gonaki ana zaman jira, ko gajimare babu.

"Lema a bazara? Maijidda, ko sarin lema kika fara ne ban sani ba?"

"Ke dai! Can damina ta daɗe da sauka. Bakin teku ne fa, gishiri ma in kin ajiye sai ya yi gumi."

Ta karɓi shawarar takalmi da gidan sauro da kati. Ta leda ce ta ƙi, kuma ba taurin kai ba ne. Duk macen da ta san gari ta san in ka rufe shi a leda cikin zafi gumi yake yi ya yi tsami, daddawa kuwa sai tana shan iska. Haka uwarta ta koya mata, haka take yi shekara da shekaru bai taɓa ba ta kunya ba. Ta ƙulle komai a farin ƙyalle, ta jera a buhu, ta ɗinke bakin da basilla ɗinki irin wanda ɓarawo zai gani ya haƙura.

A tashar birni wani ɗan kamasho mai suna Sabo ya tare ta.

"Hajiya, Legas ce? Kawo kayan."

"Ban je Makka ba, ka ce Inna. Ina za ka sa su?"

"Saman mota."

"An ce ana ruwa a can."

"Haba Inna, mu da muke wannan hanyar kullum? Akwai tamfol."

"Nuna mini."

Ya yi dariya, ya ce da abokan aikinsa yau an haɗu da lauya. Ya jawo wani shuɗin tamfol daga ƙarƙashin benci ya ware. Ta durƙusa ta murza shi, ta ɗaga shi saitin rana ta ga babu huji. Wata mai tallan manyan ledoji ta matso, Sabo ya kore ta, wai kada ta cuci tsohuwa. Ya ce tamfol shi ne ƙarshe, sai an gama lodi, ta shiga ta kama wuri kafin a bar ta da kujerar baya. Ta shiga.

Da aka tsaya sallah a hanya ta zagaya ta duba. Buhunta na nan, igiya na nan, sama fayau. Ta tari direba.

"Ɗan nan, ina tamfol?"

"Yana but a bayan mota, Inna. Sai an ga hadari ake rufewa."

Ba ta yarda ba, amma mace ɗaya a bakin titi, garin da ba ta san sunansa ba, me za ta yi? Ta koma ta zauna, hannu a kan lalita, tana zargin na kusa da ita da ya cika kallon jakarta.

Washegari da hantsi, sun haye babban kogi, ƙasa ta koma kore shar, sai gabas ta yi baƙi. Kafin ta gama salati ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya.

"Direba! Tsaya ka rufe kaya!"

"Da me zan rufe?"

"Tamfol ɗin da ke but!"

"Inna, wannan na tasha ne. Kowace mota shi ake nunawa."

Wani a baya har da dariya. Wata 'yar kasuwa ta ce ai kowa ya san wannan, shi ya sa nata kayan suke cikin leda. Aina'u kuwa tana jin ruwa yana dukan rufin mota, ta san abin da yake duka.

A ɗakin Muhsina ta farke ɗinkin. Garin kunu ya zama ƙullu, har ya fara tsami. Yaji ya dunƙule ya rine ƙyallen ja. Kuka ta saki yauƙi ta bi komai.

"Inna, ki bar shi," in ji Muhsina daga kan katifa, jaririya a ƙirji. "Akwai kasuwar mutanenmu, Uwaisu zai sayo."

"Wa ya daka? Kin san hannun da ya daka?"

Ta ce rana za ta gyara. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gidan hayar ta baje, kamar yadda take yi a gida, inda kafin la'asar abu ya bushe ƙarau. Nan kuwa iskar kanta jiƙaƙƙiya ce. Ta shanya, ta kwashe, ta shanya, kafin suna fumfuna ta rufe daddawar fari fat. Da hannunta ta kai aikin rabin shekara bola.

Ranar suna matan arewa na unguwar suka cika ɗaki, kowa na cewa a ɗanɗana mata yajin gida, tunda kaka ta zo daga Kano. Aina'u ta miƙa musu na kasuwa, wanda ta lasa ta ji garin masara a ciki. Da shi ta yi wa autarta jegon fari, tana dama kunu tana kawar da kai.

Da ta dawo ta nemi Sabo. Ko kunya babu, ya ce, "Inna, ruwa ai na Allah ne."

Ruwa na Allah ne, ƙaryar kuwa ta Sabo ce, da direban, da ku shugabannin tasha da kuke zaune a inuwa kuna gani. Kun san kudu na ruwa lokacin da mu nan muke bazara, kun san mutumin ƙauye bai sani ba. Ku kira Sabo ya ba Aina'u haƙuri a gaban jama'a, a inda ya yi mata dariya. Kuma daga yau kada motar kudu ta fita ƙofar tasharku sai mai kaya ya ga an rufe kayansa an ɗaure. In ba ku da tamfol, ku buɗe baki ku ce babu, ku bar mai leda ta yi cinikinta.